Hoton Mujiya a Magariba: Inda Megafiksel 200 Ba Su da Amfani

Duk wanda ya saba shiga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ya san tambayar da ta fi kowace yawa a bakin masu saye: "Kyamararta megafiksel nawa ce?" Wannan mai shago ya ce 108, na kusa da shi ya ce tasa 200, sai ka ga mai saye ya fara laluben aljihu. Kamfanoni sun gano lagonmu, shi ya sa suke rubuta lambar da manyan baƙaƙe a jikin kwali. To amma akwai wata jarrabawa da ke tona asirin kowace kyamara, kuma ba sai an je Yankari ko dajin Falgore ba. Ka tsaya a bakin wani fili a Gyadi-Gyadi bayan rana ta faɗi, ka jira mujiya ta fito farauta, ka ɗauke ta tana cikin tashi. Abubuwa uku da kyamara ta fi tsana sun haɗu ke nan a wuri guda: ƙarancin haske, motsi, da nisa.

Ra'ayina shi ne, wannan hoto ba a sayensa da lambar jikin kwali. Ana samunsa da sanin lissafin haske, da haƙurin zama, da kuma riƙe amanar tsuntsuwar. Na ukun nan ya fi sauran nauyi, domin a garinmu hoton mujiya yana iya zama ajalinta idan mai ɗaukar bai yi hattara ba.

Mujiya maƙwabciyarmu ce

Mutane da yawa suna ɗauka sai a daji ake ganin mujiya, alhali tare muke kwana da ita a cikin birni. Wadda aka fi haɗuwa da ita ita ce mai farar fuska kewayayya, wadda masana ke kira Tyto alba. Ita ce ke yin wannan ƙara mai tsayi da ke tsinka zuciyar mutum da tsakar dare. Tana son silin ɗin tsohon gini, da hasumiya, da ƙarƙashin tankin ruwa, da kangon da aka daɗe ba a shiga ba. Akwai babba mai ruwan toka da tukkaye biyu a ka, wato Bubo cinerascens. Akwai ƙarama mai farar fuska da baƙin zagaye da idanu ruwan lemo, Ptilopsis leucotis, wadda ta fi zama a kan bishiya. Sai wata 'yar mitsitsiya, Glaucidium perlatum, da ake iya gani ko da rana. Duk huɗun ana samun su a ƙasar Hausa.

Abin da mujiya ke nema biyu ne: wurin ɓuya da rana, da ɓera da dare. Gyadi-Gyadi da Tarauni kuwa ba su rasa ko ɗaya ba. Ga tsofaffin darbejiya da mangwaro a harabar makarantu da ma'aikatu, ga bishiyoyin makabarta, ga kwatoci da bola da rumfunan hatsi inda ɓeraye ke watayawa. Wanda ya iya kallo zai ga alama tun kafin ya ga tsuntsuwar: farin kashi kamar an watsa fenti a gindin bishiya ko jikin bango, da wasu dunƙule-dunƙule na gashi da ƙananan ƙasusuwa da take amayarwa bayan ta haɗiye ɓera. Wata alamar ita ce hayaniyar ƙananan tsuntsaye da rana a kan reshe guda, sun yi wa wani abu taron dangi. Daga nan Bahaushe ya samo maganar nan ta an mayar da mutum mujiya.

Lissafin da ba ya ƙarya

Kano na kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, kusan ƙarfe 7 a watan Yuli. Daga faɗuwarta zuwa lokacin da duhu zai rufe, minti 21 zuwa 24 ne kacal. A Ingila, a tsakiyar bazararsu, wannan lokaci yana haura minti 40, kuma mujiyarsu takan fito farauta tun da sauran rana. Saboda haka idan ka kalli bidiyon Bature a YouTube yana ɗaukar mujiya cikin jan haske ba gaggawa, ka sani da sararin samaniyarsa yake aiki. Namu ba ya jira.

Masana na auna haske da ma'aunin da ake kira luks. Da tsakar rana haske na iya kaiwa luks 100,000. Daidai faɗuwar rana ya sauko wajen 400. Bayan minti ashirin da 'yan kai ya koma wajen 3. Wato ya ragu fiye da sau ɗari, kuma idan ka raba, a matsakaici kusan duk minti uku haske na raguwa da rabi. Saitin da ya yi maka aiki lokacin da ladan ya fara kira, kafin a tayar da salla ya zama tarihi.

Kyamara na tara haske ta hanyoyi uku. Na farko shota, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe. Daɗewarsa a buɗe ita ce yawan hasken da zai shiga. Na biyu faɗin bakin gilashi, wanda ake rubutawa f/2.8, f/4, f/6.3, ƙaramar lamba ita ce baki mai faɗi. Na uku ISO, wato ƙara wa siginar ƙarfi, wanda idan ya yi yawa hoto ke fitowa da yashi-yashi. Matsalar ita ce tsuntsu mai tashi ba ya barin ka daɗe da ƙyaure a buɗe. Mu ɗauka mujiya na tafiyar mita 5 a sakan guda, wanda ba wani gudu ba ne. Idan shota ta buɗe na kashi 1 cikin 30 na sakan, ta matsa kusan santimita 17, hoto ya zama hayaƙi. A 1/500 santimita 1 za ta matsa. A 1/1000 rabin santimita. Don haka kana bukatar 1/500 ko abin da ya fi shi sauri, a daidai lokacin da haske ke tsere maka.

Ga abin da lissafin ke bayarwa. Daidai faɗuwar rana, da gilashi mai f/4 da ISO 6400, za ka samu shota wajen 1/600. Da gilashi mai f/6.3 kuwa wajen 1/250 za ka samu. Bayan minti goma sai ka raba waɗannan lambobi gida-gida. A duk wannan lissafi babu inda megafiksel ya shigo.

Kofi da baho

Ka ɗauki haske kamar ruwan sama. Wani ya tara da kofi, wani ya tara da baho. Ko mai kofi ya raba cikin kofinsa gida 200, ruwan da ya shiga bai ƙaru da ɗigo ɗaya ba. Sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara, ita ce mazubin. Megafiksel kuwa yawan gidajen da aka raba ta ne. Sensar babbar kyamara mai cikakken faranti tana da milimita 36 a tsawo, 24 a faɗi, wato murabba'in milimita 864. Ta matsakaitan kyamarori da ake kira APS-C tana tsakanin 330 da 370. Ta babbar kyamarar waya mai tsada kuwa wajen 70 ce, ta wayoyin da yawancinmu ke riƙewa ma ba ta kai haka ba. Su kansu kamfanonin sun san wannan. Shi ya sa waya mai megafiksel 108 ke haɗe ɗigo tara-tara ta ba ka hoto mai 12, mai 200 kuma ta haɗe sha shida-sha shida idan haske ya yi ƙasa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai batun nisa. Mujiya ba za ta zo ta tsaya a gabanka kamar amarya ba, dole ka jawo ta da zum. A waya kuwa kyamarar zum ita ce mai ƙaramar sensa da ƙuntataccen baki. Samsung Galaxy S23 Ultra da ta fito a 2023, babbar kyamararta ce mai megafiksel 200. Wadda ke jawo abu sau goma megafiksel 10 ce, bakinta f/4.9. Ramin da haske ke bi a gilashin waya bai wuce ƙwayar wake ba, alhali na gilashin 200mm mai f/2.8 ya kai milimita 71.

Wani zai ce ai wayata na da tsarin dare, kuma tana mayar da dare rana. Gaskiya ne, kuma fasaha ce ta a yaba. Google ta fito da Night Sight a 2018, Apple ta biyo baya da iPhone 11 a 2019, yau ga shi har a Tecno da Infinix. Amma ka san yadda yake aiki? Wayar na ɗaukar hotuna da dama a jere cikin sakan biyu ko uku, sannan manhaja ta jera su, ta haɗe su, ta tace yashin. Wannan na yi wa gini kyau, da titi, da mutumin da ya tsaya cak. Mujiya mai tafiyar mita 5 a sakan, cikin sakan uku ta yi mita 15, ta fice daga hoton gaba ɗaya. Manhajar ko ta goge ta a matsayin kuskure, ko ta bar maka wani farin hayaƙi da ba za ka iya rantsuwa a kansa ba.

Kada kuma a ruɗe ka da hoton da manhaja ta ƙarasa zanawa. A watan Maris na 2023 wani mai amfani da Reddit ya dusashe hoton wata da gangan a kan allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai wayar ta fito masa da wata mai ramuka da zane-zanen da babu su a allon. Irin wannan ƙawa ba laifi ba ce a hoton nishaɗi. A hoton tsuntsu kuwa, wanda darajarsa ita ce shaida cewa wannan halitta ta bi ta wannan wuri a wannan lokaci, gashin da kwamfuta ta ƙirƙira ƙarya ne.

Duk da haka waya na da aikinta. Da ita za ka naɗi kukan mujiya ka gane wace iri ce. Idan tana zaune a kan reshe ba motsi, kuma ka jingina wayar a kan katanga, tsarin dare zai iya fito da ita. Idan ta gilma ta gaban jan sararin yamma, ka shiga tsarin ƙwararru ka sa shota a 1/500, za ka samu baƙar inuwarta da fukafukai a buɗe, kuma wannan hoto ne mai kyau. Bidiyon 4K ma na taimakawa, domin kowane hoto da ka ciro daga cikinsa ya kai megafiksel 8.

Kayan da ke yin aikin

Wanda ke da niyya da gaske, shawarata ya sa kuɗinsa a gilashi kafin jikin kyamara. Tsohuwar Canon 7D Mark II ta 2014 ko Nikon D500 ta 2016, da gilashin 70-200mm mai f/2.8, irin wanda masu ɗaukar biki a Kano suka daɗe da riƙewa, za ta yi abin da wayar da ta fi kowace tsada ba za ta yi ba. Dogayen gilasan Sigma da Tamron masu 150-600mm suna jawo abu sosai, amma a ƙarshen zum bakinsu f/6.3 ne. Tsakanin f/2.8 da f/6.3 bambancin haske ya kai ninki biyar. Da rana dogon gilashi ne sarki, da magariba mai faɗin baki ne.

Sababbin kyamarori marasa madubi sun sauƙaƙa abubuwa biyu. Tun daga 2020 Canon da Olympus suka fara sa manhajar da ke gane tsuntsu ta bi shi da fokos, Sony ta kawo mai bin idon tsuntsu a 2021. Wasu kuma suna fara tara hotuna tun kana rabin danna maɓalli, ta yadda ko ka makara da ƙiftawar ido, tashin farko na nan a ajiye. A ɓangaren gyara, manhajoji irin su DxO da Lightroom, wadda ta samu sabon matacin yashi a 2023, sun sa ISO 12800 ya daina ba mutane tsoro. Amma a riƙe wannan: manhaja na wanke yashi, ba ta dawo da fiffiken da motsi ya shafe. Gara hoto mai yashi da ya tsaya daram da hoto mai santsi da ya narke. Haka ma na'urar hana rawar hannu da ke cikin gilashi, rawar hannunka take gyarawa, ba ta tsayar da tsuntsu.

Saitin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ka buɗe bakin gilashi iyakarsa, ka sa shota a 1/500, ka bar ISO ya riƙa hawa da kansa har 12800. Ka sa fokos mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, Canon kuma AI Servo. Ka sa ɗauka a jere, ka ajiye hoto a tsarin RAW. Ka kashe ƙarar maɓalli da 'yar fitilar da ke taimaka wa fokos. Idan haske ya ƙara ja baya, ka sauko 1/250 ka riƙa bin tsuntsuwar da kyamara daidai gudunta. Baya zai shafe, bakin fukafukai zai ɗan narke, amma idan fuska ta fito, hoto ya yi. Farar mujiya a gaban duhun bishiya takan ƙone ta zama fari fat, don haka ka ɗan rage haske.

Sauran aikin na ƙafa ne da ido. Mujiya na da ɗabi'ar bin hanya guda da sauka a kan turke guda. Ka yi kwana uku ko huɗu kana kallo ba tare da kyamara ba, har ka san ta inda take fitowa da ƙarfe nawa. Tsuntsu na tashi da sauka yana fuskantar iska, saboda haka ka tsaya iska na bugun bayanka, za ta fuskanto ka. Ka saita fokos a kan reshen da take sauka tun kafin ta iso, domin lokacin da ta ware fukafukai za ta dira shi ne lokacin da gudunta ya fi raguwa. A lokacin hunturu, hazo na cinye rana tun kafin ta kai ƙasa, kuma kada ka kuskura ka cire gilashi a waje, ƙura za ta zauna maka a kan sensa. Da damina, yammacin da ruwa ya ɗauke ya fi kowanne tsabtar iska.

Akwai kuma abin da littattafan waje ba za su gaya maka ba: mintocin nan masu tsada su ne dai lokacin sallar magariba. Babu hoton da ya kai a bar jam'i dominsa. Mafita ita ce asuba. Bayan an idar da salla akwai sauran lokaci kafin gari ya waye, kuma wannan karon haske ƙaruwa yake yi, ga unguwa shiru, ga mujiya na komawa makwancinta. Lissafin ɗaya ne, sai dai an juya shi ya koma gefenka.

A ajiye filasha

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa duk wannan wahala ita ce a buga mata filasha ko a dalle ta da tocila mai ƙarfi. Ina ganin bai dace ba. Idon mujiya an gina shi ne don tara ɗan hasken da ya rage. Kai da kanka ka san yadda kake ji idan mota ta dalle ka da babbar fitila a kan titin Zariya, sai ka yi 'yan daƙiƙu ba ka ganin komai. To ka ƙiyasta tsuntsuwar da ke cikin tashi a unguwar da wayoyin lantarki suka yi saƙar gizo, ga eriya, ga waya mai ƙaya a kan katanga. Filashar waya ma ba ta wuce mita biyu zuwa uku, ba abin da za ta ƙara maka illa ta sanar da yaran unguwa cewa akwai abin kallo a kan bishiyar nan. Haka batun kunna mata naɗaɗɗen kukan 'yar uwarta don ta fito, ko ɗaure ɓera a fili don ta kawo bara. Duk wannan raba ta da farautarta ne domin kai ka samu abin sakawa a Instagram.

Kusantar sheƙa kuwa haɗari ne gare ku duka biyu. Eric Hosking, ɗaya daga cikin shahararrun masu ɗaukar hoton tsuntsaye a Birtaniya, ya rasa idonsa na hagu a 1937 lokacin da wata mujiya da yake ɗauka a kusa da sheƙarta ta kai masa farce. Uwa mai 'ya'ya ba ta san kana ƙaunarta ba. Idan ka ga ta daina abin da take yi ta zuba maka ido, ko ta tsuke jiki ta miƙe, ka matso da yawa, ka ja baya.

Adireshin da ke ɓoye a cikin hoto

Nan ne batun ya fi shafar mu masu bibiyar fasaha. Duk hoton da waya ta ɗauka yana tafe da wasu bayanai a cikinsa da ake kira EXIF: samfurin waya, rana, lokaci, kuma idan ka bai wa kyamara izinin sanin wuri, har da lambobin GPS da za su kai mutum gindin bishiyar. Facebook da Instagram suna cire waɗannan bayanai daga hoton da jama'a ke gani, haka WhatsApp idan ka tura a matsayin hoto. Amma idan ka tura a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu, ko ta imel, ko ta Google Drive, komai na nan yadda yake. Ko an cire lambobin ma, allon shago ko hasumiyar da ta fito a bayan hoton ta isa ɗan unguwa ya gane wurin.

A wata ƙasa, illar wannan ita ce masu kyamara su yi wa tsuntsu cincirindo. A nan illar ta fi haka. Har yau akwai masu cewa idan mujiya ta sauka a kan gida za a yi mutuwa, akwai masu danganta ta da maita, akwai yara da danƙo, akwai kuma masu neman sassan jikinta don tsibbu. Malamai sun sha bayyana cewa hadisi ingantacce da ke cikin Bukhari da Muslim ya kore camfi da mujiya, amma al'ada ba ta saurin sakin mutum. Don haka kafin ka saka hoto, ka kashe alamar wuri a saitin kyamara, ka duba abin da ke baya, kuma ka rubuta "Tarauni, Kano" ka tsaya a nan. Duk wanda ya biyo ka ta akwatin saƙo yana tambayar wace bishiya ce, ba dole ba ne ka amsa. Idan akwai 'ya'ya a sheƙa, ka jinkirta sakawa har su tashi.

Wanda ke son bayaninsa ya yi amfani, akwai inda ya dace ya kai shi. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015, inda masu sa-kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, ana tattara shi a murabba'ai masu faɗin kusan kilomita 9. Manhajar iNaturalist ma tana ba ka damar dusashe ainihin wurin. Masana su samu shaida, mai danƙo bai samu adireshi ba.

Amana ba ta tsaya ga tsuntsuwa ba. Mutum da dogon gilashi a lungu da almuru abin tambaya ne, kuma masu tambayar suna da gaskiya. Ka gaisa da dattawan wurin, ka nuna musu abin da kake ɗauka, in da hali ka sanar da mai unguwa. Kada bakin gilashinka ya kalli cikin gidan mutane ko da mujiyar a kan katangarsu take. Harabar makaranta, ko makabarta, ko wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ba a shiga da kyamara sai da izini. Kuma da yake ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a Kano, ku tafi ku biyu, ɗaya na kallon sama ɗaya na kallon ƙasa.

Ina ruwanmu da mujiya?

Na san akwai mai cewa, ana fama da tsadar rayuwa wa ke ta hoton mujiya? Tambaya ce mai kyau, kuma amsata biyu ce. Ta farko, wanda ya iya tsayar da mujiya a 1/500 cikin hasken magariba ya gama makarantar kyamara. Dawakin hawan salla da yamma, 'yan ƙwallo a filin unguwa, amarya na shigowa zauren biki mai ƙarancin fitila, duk za su zame masa wasa. Wannan ilimi ne da ake cin abinci da shi.

Ta biyu, mujiya ma'aikaciya ce da ba ta karɓar albashi. Gida guda na mujiya mai renon 'ya'ya na cinye ɓeraye masu ɗimbin yawa a shekara, shi ya sa manoman kwakwar manja a Malesiya suke kafa mata akwatuna a gonaki don ta zauna. Mu da zazzaɓin Lassa ke ziyarta kusan duk rani, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 kuma ɓera ke yaɗa ta, bai kamata mu riƙa jifan mai cin ɓera ba. Har injiniyoyi sun yi karatu a wurinta: tsarin gashin fiffikenta, wanda ke sa ta tashi ba a jin motsinta, shi aka kwaikwaya a Japan wajen rage ƙarar jirgin ƙasa mai gudun tsiya samfurin 500 da ya fara aiki a 1997.

Yawancin masu tsoron mujiya ba su taɓa ganinta da kyau ba. Ƙara suka ji cikin duhu, ko wani farin abu ya gilma ta kansu. Rashin sani ya fi dare duhu. Hoto mai kyau guda, wanda ya nuna zanen gashinta da yadda ta ware fukafukai a saman rufin kwanon da mutum ya sani, zai iya yin abin da dogon bayani bai yi ba, musamman a wurin yara. Saboda haka masu kyamara na Gyadi-Gyadi da Tarauni, ku gwada. Za ku dawo da kati cike da hayaƙi sau da yawa kafin ku samu ɗaya mai kyau, haka sana'ar take. Sharaɗin dai shi ne, gobe idan wani ya zo wurin da magariba, ya tarar da mujiyar na nan ta fito farautarta kamar yadda ta saba.